Daga dakon tukunyar iska zuwa tsaron rai: tarihin ma'aikatan kula da numfashi

 

Duk wanda ya bibiyi labarai a 2020, lokacin da korona ta rufe duniya, zai tuna yadda aka yi ta lissafin na'urorin taimaka wa numfashi. Ƙasa kaza tana da guda kaza, attajiri wane ya ba da gudummawar kaza. Abin da ba mu cika jin an lissafa ba shi ne mutanen da suka iya aiki da su. Alhali na'urar da aka jona wa majinyaci tana buƙatar mai tsaronta dare da rana, wanda zai saita yawan iskar da take hurawa, ya zuƙe majina idan ta taru, ya auna jini, ya bambance ƙarar da ke nuna tiyo ya toshe da wadda ke nuna huhu ya huje, sannan ya san ranar da ya dace a raba majinyaci da ita.

A Amurka da Kanada da wasu ƙasashe wannan sana'a ce mai zaman kanta, da makarantunta da jarrabawarta da lasisinta. A asibitocin Amurka ana taƙaita sunan mai yin ta da haruffa biyu, RT. Mu a nan za mu kira shi ma'aikacin kula da numfashi. Sana'ar ba ta cika shekara 100 ba, amma a ɗan wannan lokaci abu ɗaya ya yi ta maimaita kansa: kayan aiki su riga isowa, wanda ya iya su ya zo daga baya, a tsakanin zuwan biyun kuma a yi asarar rayuka.

Lokacin da ƙarfi ne kawai sharaɗin ɗaukar aiki

Tun a 1774 Joseph Priestley ya tace iskar oksijin a Ingila, kuma a 1799 wani likita mai suna Thomas Beddoes ya buɗe cibiya a birnin Bristol don gwada warkar da cututtuka ta hanyar shaƙar iska iri-iri. Sai dai an ɗauki fiye da ƙarni guda kafin oksijin ya zama maganin yau da kullum. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya tura shi gaba, lokacin da masanin numfashi John Scott Haldane ya ƙera abin shaƙa don sojojin da iska mai guba ta ƙona wa huhu. A shekarun 1920 kuma likita Alvan Barach na New York ya inganta wata rumfa da ake kifa wa gadon majinyaci a cika ta da oksijin, ana sanyaya ta da ƙanƙara.

A wancan zamani babu bututun iska a jikin bango kamar yadda ake gani a manyan asibitoci yau. Iskar tana zuwa ne a cikin dogayen tukwanen ƙarfe, babba daga cikinsu ta haura kilo 50. Dole wani ya gungura ta daga sito zuwa bakin gado, ya ɗaura mata ma'auni, ya kafa rumfa, ya zuba ƙanƙara, ya dawo ya canja tukunya kafin ta ƙare. Asibitoci sai suka ɗauki ƙarti majiya ƙarfi, leburorin oksijin, ba a tambayarsu takardar makaranta.

Amma aikin ya fi ƙarfin dako. Oksijin yana rura wuta, ɗan tartsatsi kusa da rumfa ya isa ya cinye gado da wanda ke kai. Idan aka shafa wa bakin tukunya maiƙo tana iya kamawa. Idan rumfa ta yi yoyo, majinyaci yana kwance kowa na zaton yana shan magani, alhali iskar ɗaki kawai yake shaƙa. A hankali sai ya zama leburan da ya daɗe a aikin ya fi kowa a asibitin sanin halin waɗannan kaya, amma bai san abin da ke faruwa a ƙirjin wanda yake yi wa hidima ba.

Chicago, 1943

Wanda ya fara cike wannan giɓi shi ne Dakta Edwin Levine na asibitin Michael Reese da ke Chicago. A 1943 ya fara tara masu aikin oksijin yana koya musu ginin huhu, yadda iska ke ratsawa cikin jini, da alamomin da za su lura da su a jikin majinyaci, musamman wanda aka yi wa tiyata. A ranar 15 ga Afrilu, 1947, ɗalibansa da wasu likitoci da ma'aikatan jinya suka yi wa ƙungiyarsu rajista a jihar Illinois. Ita ce bayan sauye-sauyen suna ta zama AARC a 1986, uwar ƙungiyar ma'aikatan numfashi ta Amurka har gobe.

A daidai waɗannan shekaru wani bala'i yana faruwa a ɗakunan jarirai, wanda ya nuna dalilin da ya sa ilimin ya zama dole. An samu akwatunan renon bakwaini masu riƙe iska da kyau, sai aka riƙa cika su da oksijin ba awo, bisa tunanin cewa abu mai amfani ba ya yawa. A 1942 likitan ido Theodore Terry na Boston ya ba da rahoton wata sabuwar makanta a jikin bakwaini. Kafin 1953 an ƙiyasta yara kusan 10,000 sun makance a duniya, mafi yawansu a Amurka. Mawaƙin nan Stevie Wonder, da aka haifa bakwaini a 1950, yana cikin waɗanda wannan ciwo ya raba da ganinsu. Wata likitar yara a Melbourne ta Ostireliya, Kate Campbell, ita ce a 1951 ta lura cewa makantar ta fi yawa a inda ake kwarara iskar, ta yi ƙaranci a inda ake tsiminta saboda tsada.

Da gwaje-gwaje suka tabbatar da zarginta, sai asibitoci suka koma ɗaya gefen, suka riƙa yi wa jarirai rowar oksijin. Makanta ta ragu, amma mace-mace da lalacewar ƙwaƙwalwa suka ƙaru. Da tsada aka gane cewa oksijin magani ne mai ƙa'ida, yawansa cuta, ƙarancinsa cuta, kuma sai an samu wanda aikinsa shi ne awo.

Huhun ƙarfe

Duk abin da muka faɗa zuwa nan na majinyacin da ke iya jan numfashi da kansa ne, ƙarin oksijin kawai yake buƙata. Akwai kuma wanda huhunsa lafiya lau, amma naman da ke motsa ƙirjin ya mutu. Wannan shi ne aikin shan inna idan ta hau sama. Mu nan mun fi saninta da shanye ƙafa, amma idan ta taɓa jijiyoyin da ke sarrafa numfashi da haɗiya, yaro yana ji yana gani numfashi zai gagare shi.

A 1928 Philip Drinker da Louis Shaw na Jami'ar Harvard suka ƙera wata ganga ta ƙarfe da ake zura mutum ciki, kai kaɗai ke waje. Inji yana zuƙe iskar cikin gangar, ƙirji ya buɗe, iska ta shiga ta hanci, sannan ya saki, ƙirji ya koma. An fara gwada ta a watan Oktoba na wannan shekara a asibitin yara na Boston, a kan wata yarinya 'yar shekara 8. A 1931 John Emerson ya fito da samfuri mai rahusa, aka riƙa kiran na'urar huhun ƙarfe. A 1952 kaɗai sama da mutum 57,000 suka kamu da shan inna a Amurka, fiye da 3,000 suka rasu, aka jera gangunan nan sahu-sahu a manyan ɗakuna. Wani yaro ɗan shekara 6 a Dallas, Paul Alexander, ya shiga huhun ƙarfe a wannan shekara. Da shi ya yi karatu har ya zama lauya, bai rabu da shi ba sai da ya rasu a watan Maris na 2024.

Huhun ƙarfe yana da tsada da cin wuri, kuma ba ya hana yawu da majina gangarawa cikin huhun wanda ba ya iya haɗiya. Waɗannan raunuka sun fito fili a wannan shekara ta 1952, a wata ƙasa daban.

Copenhagen, 1952

A ƙarshen watan Yuli annobar shan inna ta faɗa wa Copenhagen, babban birnin Denmark. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Blegdam ne ke karɓar kowa, kuma da abin ya yi tsanani akan kwantar da mutum har 50 a rana guda. Huhun ƙarfe ɗaya tak asibitin yake da shi, sai wasu ƙananan na'urori shida da ake ɗaurawa a ƙirji. Cikin makonnin farko, daga majinyata 31 da cutar ta taɓa wa numfashi, 27 suka rasu.

Shugaban asibitin, Farfesa Henry Lassen, ya karɓi shawarar a kira wani likitan sa barci mai suna Bjorn Ibsen, wanda ya yi horo a Boston. A lokacin ba a ɗauki masu sa barci a bakin komai ba, aikinsu ya tsaya a ɗakin tiyata. Ibsen ya duba bayanan waɗanda suka rasu, ya ga abin da sauran ba su gani ba. Su suna zaton ƙwayar cutar ce ke cinye ƙwaƙwalwa, don haka babu abin yi. Shi kuwa ya gane alamomin, hawan jini da gumi da sanyin fata, domin ya saba ganinsu a ɗakin tiyata idan gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa ta taru a jini. Ana ba majinyatan oksijin, launin fatarsu yana kyau, amma ƙirjinsu ba ya motsi yadda zai fitar da waccan iskar. Ita ce ke kashe su.

Shawararsa ita ce a huda maƙogwaro a zura tiyo mai ɗan balan-balan da zai toshe hanyar yawu, a haɗa tiyon da jakar roba, mutum ya riƙa matsawa da hannu yana hura iska kai tsaye cikin huhu, kamar mai zuga a maƙera. A ranar 27 ga Agusta aka ba shi wata yarinya 'yar shekara 12 mai suna Vivi, wadda ke gab da cikawa. Da farko abin ya ƙi, hanyoyin iskarta suka ɗaure, tana ta fizge-fizge, likitocin da suka zo kallo suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ibsen ya yi mata allurar barci, jikinta ya saki, ya zuƙe majinar da ta toshe huhun, ya ci gaba da matsa jaka. Da suka dawo sai suka tarar da ita da rai, fatarta ta washe. Ta rayu har zuwa 1971.

Hanya ta samu, saura hannaye. Jakar roba ba ta matsa kanta, kuma idan aka dakata na 'yan mintuna majinyaci ya tafi. A wasu ranaku mutum 70 ne ke buƙatar a hura musu iska a lokaci guda, awa 24 ba tsayawa. Sai aka yi ɗaukar aikin da ba a taɓa yin irinsa ba: aka kira ɗaliban likitanci, daga baya aka haɗa da na haƙori, aka yi musu gajeren bayani, aka zaunar da kowa a bakin gado da jaka a hannu, suna karɓa-karɓa bayan awa shida zuwa takwas. Ɗalibai kusan 1,500 suka yi wannan aiki, jimillar awa kusan 165,000. Yawancin majinyatan yara ne, idonsu biyu, ba sa iya magana saboda tiyo. Ɗaliban suka koyi karanta idanunsu da leɓɓansu, suna karanta musu littafi da hannu ɗaya, ɗayan yana kan jaka. A ɗakin gwaji kuma Poul Astrup ya samar da hanyar auna jini cikin sauri don a san ko ana hura iskar daidai. Mace-mace suka faɗo daga kashi 87 cikin 100 zuwa kusan 40, daga baya suka ƙara sauka.

A shekara mai bi, 1953, Ibsen ya buɗe wani sashe a asibitin birnin inda ake tara majinyata mafi tsanani wuri guda, da ma'aikata a kansu ba dare ba rana. Da yawa daga masana tarihi suna ɗaukarsa a matsayin sashen kulawa ta musamman na farko a duniya.

Wa zai gaji jakar roba?

Ba zai yiwu a dogara da ɗalibai har abada ba. Injiniyoyi da likitoci suka shiga ƙera injin da zai maye gurbin hannu. Carl-Gunnar Engström na Suwidin ya yi nasa tun farkon shekarun 1950. A Amurka, Forrest Bird, matuƙin jirgin sama a Yaƙin Duniya na Biyu, ya fito da wani ɗan koren akwati mai suna Mark 7 a ƙarshen shekarun 1950, mai sauƙin ɗauka da gyara, ya bazu a asibitoci. Rigakafin Jonas Salk da aka amince da shi a 1955 ya karya lagon shan inna a ƙasashen Yamma, amma injinan ba su rasa aiki ba. An koma amfani da su ga waɗanda aka yi wa tiyatar zuciya, da masu haɗarin mota, da masu sarƙe-haƙora, da masu nimoniya mai tsanani.

A nan hanya ta rabu biyu. A mafi yawan Turai likitocin sa barci da ma'aikatan jinya suka riƙe injinan, masu gashin jiki na sashen fisiyo suka ɗauki aikin fitar da majina. A Amurka da Kanada kuwa akwai mutanen da tuni suka saba da tukwanen iska da tiyo da ma'auni, kuma suna da ƙungiya, sai gadon ya faɗa hannunsu. A 1960 aka kafa hukumar rajista da jarrabawa a Amurka, kuma wadda ta samu lamba ta ɗaya wata mai zaman zuhudu ce, Sista Mary Yvonne Jenn. Takwarorinsu na Kanada suka kafa tasu ƙungiyar a 1964.

Ɗakin jarirai ma ya buɗe musu ƙofa. A watan Agusta na 1963 Shugaba John Kennedy ya rasa ɗansa Patrick, bakwaini da bai cika kwana biyu a duniya ba, saboda huhunsa bai nuna ba. Duk gatan ɗan shugaban Amurka bai hana ba, domin ilimin bai iso ba tukuna. A 1971 George Gregory na San Francisco ya nuna cewa idan aka riƙe ɗan matsin iska a hanyar numfashin jariri ba yankewa, huhun ba ya rufewa bayan kowane numfashi. Daga jarirai 20 da ya gwada wa, 16 suka rayu. Wannan dabara ita ake kira CPAP, za mu sake dawowa kanta. A 1974 kuma injiniyan Japan Takuo Aoyagi ya gabatar da dabarar 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa ta nuna yawan oksijin a jini ba tare da allura ba.

Da sana'ar ta kusa rasa tuwonta

Tarihin ba duka abin yabo ba ne. A shekarun 1960 zuwa farkon 1970 babban aikin da ke cika ranar waɗannan ma'aikata shi ne bi gado-gado da inji suna hura wa majinyata iska da magani na 'yan mintuna, sau uku ko huɗu a rana. Asibiti yana cajin kuɗi a kan kowane zagaye, don haka aka yi ta ɗaukar ma'aikata ana faɗaɗa sashen. A 1974 masana suka yi taro a Philadelphia suka tambayi hujjar da ke nuna wannan hurin yana da amfani, aka duba aka ga ba ta taka kara ta karya ba. Wani babban gwaji da aka wallafa a 1983 ya nuna bai fi shaƙar magani ta hanya mai sauƙi ba ga masu daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu. A wannan shekara kuma gwamnatin Amurka ta sauya tsarin biyan asibitoci kuɗin jinyar tsofaffi, ta koma biya bisa nau'in ciwo, ba bisa yawan abin da aka yi wa majinyaci ba. Sashen da jiya yake kawo riba ya wayi gari ana lissafa shi cikin masu cin kuɗi.

Abin da ya ceci sana'ar shi ne komawa ga aikin da za a iya nuna amfaninsa. Kalifoniya ta fara kafa dokar lasisi a 1982, sauran jihohi suka bi. A 1996 wani bincike ya nuna cewa idan ma'aikatan numfashi da na jinya suna gwada majinyaci kullum su ga ko zai iya numfashi da kansa, kwanakinsa a kan inji suna raguwa daga 6 zuwa 4 da rabi. A 2000 wani gwaji a kan majinyata 861 masu mummunan kumburin huhu ya nuna cewa rage yawan iskar da ake hurawa a kowane numfashi zuwa rabi, daga mililita 12 zuwa 6 a kan kowane kilo na nauyin jiki, ya sauko da mace-mace daga kusan kashi 40 zuwa 31. Inji ɗaya ne, majinyata iri ɗaya ne, lambar da aka saita ce ta bambanta. Kuma wani ne zai auna tsayin majinyaci, ya yi lissafi, ya saita lambar, ya dawo da tsakar dare ya tabbatar ba ta sauya ba.

Aikin a yau

Wanda ke son wannan aiki a Amurka yau sai ya yi aƙalla karatun shekara biyu a makarantar da aka tantance, wasu kuma suna yin digiri na shekara huɗu. Daga nan ya zauna jarrabawar hukumar NBRC mai matakai biyu, CRT da RRT, kuma asibitoci da yawa na biyun suke nema. Sannan ya karɓi lasisin jiha, wanda kowace jiha ke buƙata ban da Alaska. Masu wannan aiki sun haura 130,000 a ƙasar, kuma matsakaicin albashi a 2023 ya kusa dala 78,000 a shekara. Da korona ta mamaye New York a farkon 2020, sai da aka riƙa ɗauko su haya daga wasu jihohi.

Aikin ba na mai son jiki ba ne. Akasari awa 12 ake yi a tsaye, da kwana da ranakun hutu. Shi ke zagaya injina, ya ɗebi jini daga jijiyar wuyan hannu, ya ba mai asma maganin shaƙa, ya raka majinyaci ɗakin hoto da jaka a hannu. Idan zuciyar wani ta tsaya, gurbinsa yana wajen kai, yana hura iska. Idan za a haifi bakwaini, yana tsaye yana jira. Idan kuma rai ya yi halinsa, sau da yawa shi zai kashe inji ya zare tiyo kafin dangi su shigo.

Ina muka tsaya?

Najeriya ta gaji tsarin asibitinta daga Birtaniya, Nijar daga Faransa, kuma dukansu ba su ware wannan sana'a daban ba. Shi ya sa a asibitocinmu aikin ya rarrabu tsakanin likitocin sa barci, ma'aikatan jinya da 'yan fisiyo. Saudiyya da Filifin da Taiwan sun ɗauki tsarin Amurka, Jami'ar Ghana ma ta buɗe karatun digiri a fannin. Ba lallai ne kowa ya kwaikwayi Amurka ba, Turai ba ta yi ba kuma majinyatanta suna rayuwa. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a bar aikin ba mai shi.

Shan innar da ta haifar da wannan tarihi mun ga bayanta. A Borno aka ga na ƙarshe da ƙwayar daji ta kama a 2016, kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana yankin Afirka ya rabu da ita. Amma abin da ke shaƙe yaranmu bai ƙare ba. Ƙiyasin UNICEF ya nuna nimoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin 162,000 a Najeriya a 2018, adadin da ya fi na kowace ƙasa.

A nan ne labarin CPAP ya dawo. Akwai samfurinta mai arha da ake haɗawa da tiyo da gorar ruwa. A 2015 aka gwada shi a sashen kulawa ta musamman na wani asibiti a Dhaka ta Bangladesh, inda ake sa ido sosai: kashi 4 na yara masu nimoniya mai tsanani suka rasu, a kan kashi 15 na waɗanda aka ba oksijin zalla. A 2019 aka wallafa irin wannan gwaji daga asibitin gunduma a Salima ta Malawi, inda babu likita a kan yaran kullum: kashi 17 suka rasu, a kan kashi 11 na masu oksijin zalla, har aka dakatar da gwajin. Akwai bambanci tsakanin yaran wuraren biyu, amma masu binciken Malawi da kansu sun ja kunne game da amfani da na'urar a inda babu isasshen sa ido.

Don haka duk ranar da muka ji an kai gudummawar injinan numfashi ko na tace oksijin asibitin garinmu, bayan godiya akwai tambayoyin da ya kamata mu yi. Wa aka horar a kansu, kuma mutum nawa? Wa ke kwana da su? Akwai 'yar na'urar yatsa a ɗakin yara, kuma ana duba ta? Idan wuta ta ɗauke, akwai jakar roba a kusa da hannun da ya iya matsa ta? Wa zai gyara idan sun lalace? Ƙannenmu da 'ya'yanmu da ke karatun jinya da fisiyo kuma, ga fanni nan da ke neman masu zurfafawa. A Blegdam inji ɗaya da ƙanana shida suka kasa, ɗalibai da jakar roba suka riƙe ɗaruruwan rayuka, saboda an samu wanda ya fahimci ciwon kuma an ajiye mutum a bakin kowane gado.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Idan a cikinmu akwai masu aiki a sashen kulawa ta musamman ko ɗakin jarirai, muna son jin yadda ake raba wannan aiki a wurarenku. Sai mako mai zuwa.